Rusa gwamnati ya yi arha da yawa a tsarin firaminista

Duk lokacin da aka ji wata gwamnati ta faɗi a ƙasar da ke bin tsarin firaminista, maganar farko da ke fitowa daga bakin mutane ita ce ai jam'iyyu ne suka yi yawa, a rage su kowa ya huta. Ni dai wannan maganar ta daɗe ba ta kwanta min ba. Ba wai ƙarya ce gaba ɗayanta ba, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma tana sa a bar jaki a koma dukan taiki, kuma maganin da ake kawowa da sunanta sau da yawa ya fi cutar ɓarna.

Ga wanda bai saba bin tsarin ba, abin a taƙaice shi ne jama'a ba sa zaɓen shugaban gwamnati kai tsaye, 'yan majalisa suke zaɓa, su kuma 'yan majalisar su ne ke riƙe da firaminista, ranar da mafi rinjayensu suka juya masa baya shikenan ya sauka ko da jiya aka rantsar da shi. In jam'iyya ɗaya ta samu fiye da rabin kujeru to ba wata rigima. In ba ta samu ba sai a shiga gamin gambiza, a zauna a yi ta ciniki, kai ka ɗauki ma'aikatar kuɗi ni ka bar min harkokin waje, har a haɗa adadin da ake buƙata.

Tarwatsewar jam'iyyu kam ta faru, wannan ba abin musu ba ne. A Jamus a zaɓen 1976 manyan ɓangarori biyu, CDU/CSU da SPD, sun kwashe sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙuri'u. A zaɓen Fabrairun 2025 in ka haɗa su biyun ko rabi ba su kai ba. A Holan zaɓen 2021 jam'iyyu 17 ne suka shiga majalisa mai kujeru 150, kuma sai da aka yi kusan wata goma kafin a rantsar da sabuwar gwamnati. Dalilan ma ba ɓoyayyu ba ne. Da can mutum yana gadon jam'iyya ne daga gidansu ko cocinsu ko ƙungiyar ƙwadagon da yake ciki, ya yi ta zaɓenta har ya mutu, yanzu duk waɗannan igiyoyin sun saki. Ga sabbin rigingimu da tsofaffin jam'iyyu ba su san inda za su ajiye su ba, baƙin haure, sauyin yanayi, Tarayyar Turai, kowanne yana tsaga jam'iyya gida biyu. Sannan kafa jam'iyya ya yi sauƙi, mutum ɗaya mai baki da talabijin ko soshiyal midiya ya isa. Berlusconi ya fito da Forza Italia a farkon 1994, kafin shekara ta raba ya zama firaminista. Jam'iyyar Geert Wilders ta PVV a Holan, a hukumance mamba ɗaya gare ta, shi kansa. A Bulgeriya jam'iyyar wani mawaƙi mai shirin talabijin, Slavi Trifonov, ita ta zo ta ɗaya a zaɓen Yulin 2021.

To duk na yarda da wannan. Inda na rabu da mutane shi ne tsallen da ake yi daga "jam'iyyu sun yi yawa" zuwa "shi ya sa gwamnati ba ta zama". Tsakanin maganganun nan biyu akwai wani abu da ake tsallakewa, wato dokar da ta ce yaya ake kayar da gwamnati, kuma me ke samun wanda ya kayar.

Ku duba Birtaniya mana, ƙasar da ake buga misali da ita in ana maganar manyan jam'iyyu biyu. Daga 2016 zuwa 2022 jam'iyyar Conservative ita kaɗai ta yi firaministoci biyar, Cameron, May, Johnson, Truss, Sunak. A 2022 kawai mutum uku suka hau kujerar, Liz Truss ko kwana 50 ba ta cika ba. Wace ƙaramar jam'iyya ce ta kayar da Johnson ko Truss? Babu. Suna da rinjaye mai kauri a majalisa tun zaɓen 2019. Ɓarakar tana cikin gida ne, ɓangarorin da a wata ƙasar da kowanne ya kafa tasa jam'iyyar, a can sun cunkushe a ƙarƙashin tuta ɗaya suna cin dunduniyar juna. Kenan in ka hana mutane rabuwa a fili ba ka kashe rabuwar ba, ka dai mayar da ita ɗaki ne inda mai zaɓe ba ya ganin abin da ake ƙullawa, kuma ba shi da ta cewa.

Ga kuma Norway a ɗaya gefen. Jam'iyyu rututu a majalisa mai kujeru 169, gwamnatin marasa rinjaye kuwa abu ne da suka saba da shi, amma yaushe rabon da ka ji ana cewa Norway ta shiga ruɗanin siyasa? Sirrin wani abu ne ɗan ƙarami a tsarin mulkinsu: ba a rusa majalisa. Sam babu wannan ƙofar. An zaɓe ku shekara huɗu, to shekara huɗun nan za ku yi tare, ko kuna ƙaunar juna ko ba kwa yi. A watan Maris na 2000 firaminista Bondevik ya sha kaye a majalisa kan batun tashoshin lantarki masu aiki da iskar gas, ya ajiye aiki, Stoltenberg ya karɓa, ba a buga takardar ƙuri'a ko ɗaya ba. A Janairun 2025 jam'iyyar Centre ta fice daga gwamnatin Støre saboda dokokin makamashi na Tarayyar Turai, jam'iyyar Labour ta ci gaba ita kaɗai har lokacin zaɓe ya yi a Satumba. Wanda ya fice ya fice, ƙasa ba ta tsaya ba. Tunda kowa ya san fushi ba zai kawo sabon zaɓe ba, barazanar "zan fita" ba ta da kaifin da take da shi a wasu wuraren.

Wannan shi ne zancen nawa. Ɗan siyasa mai lissafi ne, yana duba ribar zama da ribar fita. In ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna masa cewa da za a yi zaɓe gobe zai ƙara kujeru biyar, kuma doka ta ba shi damar jawo zaɓen goben da hannunsa, me zai zaunar da shi? Kishin ƙasa? Wasu suna da shi, ban musa ba, amma ba a gina tsarin mulki kan fatan cewa kowa waliyyi ne.

Isra'ila ce ta fi nuna wannan ƙarara, kuma ita ce ta fi gwada duk magungunan da ake tallatawa. Zaɓe biyar tsakanin Afrilun 2019 da Nuwamban 2022. Tun a shekarun 1990 suka ce ƙananan jam'iyyu sun addabe su, sai suka kawo zaɓen firaminista kai tsaye, aka yi a 1996 da 1999 da 2001. Me ya faru? Mai zaɓe ya samu takarda biyu, sai ya ba babban ɗan takara ɗaya, ɗayar kuma ya ba ƙaramar jam'iyyar da ransa ke so tunda yanzu ba asara, manyan jam'iyyun suka ƙara ƙanƙancewa, a 1999 wadda ta zo ta ɗaya kujeru 26 kacal ta samu cikin 120. Dole aka soke tsarin. A 2014 suka ɗaga mafi ƙarancin kason shiga majalisa daga kashi 2 zuwa 3.25, jam'iyyun Larabawa da ake zaton abin zai shafe su sai suka dunƙule wuri ɗaya suka zo na uku a 2015 da kujeru 13. Duk wannan gyare-gyaren, ƙofa ɗaya ce ba a taɓa ba: majalisa tana iya rusa kanta da doka ta yau da kullum, kuma in ba a zartar da kasafin kuɗi a kan lokaci ba ta rushe da kanta. A 2020 Netanyahu da Benny Gantz sun yi yarjejeniyar karɓa-karɓa, Gantz zai hau a ƙarshen 2021. Kasafi bai wuce ba, majalisa ta rushe a Disamban 2020, Gantz bai ga kujerar ba. Kowa ya yi nasa fassarar, amma ni ban ga yadda za a ce yawan jam'iyyu ne ya yi wannan ba. Gwamnatin da ta biyo baya ta Bennett da Lapid jam'iyyu takwas ce, har da ta Larabawa ta Mansour Abbas, sun zartar da kasafin da aka daɗe ba a samu ba, abin da ya karya su kuwa 'yan majalisa ne daga jam'iyyar Bennett ɗin kansa da suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Jamusawa sun koyi wannan darasin da tsada. A zaɓen Yulin 1932 'yan Nazi da 'yan kwaminis in ka haɗa kujerunsu sun haura rabin majalisa. Mutanen da ke kashe juna a titi, ba abin da za su taɓa ginawa tare, amma hannu ɗaya suke ɗagawa in an zo kayar da gwamnati. Shi ya sa da aka zo rubuta tsarin mulkin 1949 aka sa sashe na 67: majalisa ba za ta tsige shugaban gwamnati ba sai ta hanyar zaɓen wanda zai gaje shi a ƙuri'a ɗaya. Ba ka son wannan? To kawo naka, ka nuna kana da rinjaye a kansa. An gwada a 1972 kan Willy Brandt aka gaza da ƙuri'a biyu, an yi nasara sau ɗaya tak a 1982 da Helmut Kohl ya karɓa daga Helmut Schmidt. Daga 1949 zuwa yau shugabannin gwamnati goma Jamus ta yi. Sifaniya ta kwafi wannan dokar, ita ma sau ɗaya ta yi aiki, a 2018 da Pedro Sánchez ya kawar da Rajoy. Kwatanta da abin da ya faru a Faransa a Disamban 2024, duk da ita tsarinta ruwa biyu ne akwai shugaban ƙasa mai ƙarfi, inda masu ra'ayin hagu da jam'iyyar Marine Le Pen suka haɗu suka kayar da Michel Barnier bayan wata uku, alhali ko a mafarki ba za su yarda da mutum ɗaya da zai maye gurbinsa ba.

Wani zai ce ai Jamus ɗin ma tana da shingen kashi 5, wato jam'iyyar da ba ta samu kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'u ba ba ta shiga majalisa, ƙila shi ne ya yi aikin. Ya taimaka, ban ce bai taimaka ba. Amma shingen nan yana da kuɗin da ake biya kuma talaka mai zaɓe ne ke biya. A 2025 jam'iyyar BSW ta samu kusan kashi 4.98, ta tashi a tutar babu, mutum miliyan biyu da ɗoriya kenan ƙuri'arsu ta bi iska. Turkiyya ce ta kai abin maƙura, da shingen kashi 10 da take da shi a da. A zaɓen 2002 jam'iyyu biyu kacal suka tsallake, AKP ta Erdoğan da kashi 34 na ƙuri'u ta kwashi kujeru 363 cikin 550, kusan rabin waɗanda suka fito zaɓe ba su da wakili a majalisa. An samu gwamnati mai ɗorewa kam, sosai ma, sai dai kowa ya ga inda ɗorewar ta kai. Ni in aka ce in zaɓa tsakanin a zubar da ƙuri'un mutane da a ɗaure hannun 'yan majalisa, wallahi ba sai na yi dogon tunani ba.

Akwai kuma wani abu da ke ba ni dariya, yadda ake ƙirga gwamnatoci kamar yawan adadin shi ne ma'aunin rashin zaman lafiya. Italiya ta yi gwamnatoci sama da 60 tun 1946, kullum ita ake nunawa da yatsa. Amma daga bayan yaƙin duniya har farkon shekarun 1990 jam'iyya ɗaya ce ke tsakiyar kowace gwamnati, Christian Democrat, Giulio Andreotti shi kaɗai sau bakwai yana zama firaminista. Fuskokin nan dai su ne, a sauka yau a dawo gobe an ɗan sauya kujeru. Matsalar Italiya a lokacin ma kishiyar abin da ake faɗa ce, mulki ba ya sauya hannu, har cin hanci ya yi kanta, sai da binciken alƙalan Milan na 1992 ya rusa tsofaffin jam'iyyun gaba ɗaya. Bayan nan ne aka shiga zamanin da ɗan ƙaramin abokin tafiya ke kifar da gwamnati rana tsaka. Prodi ya faɗi a 1998 da ƙuri'a ɗaya, ya sake faɗuwa a 2008 da ƙaramar jam'iyyar Mastella ta janye, Renzi ya janye ministocinsa a Janairun 2021 ana tsakiyar korona gwamnatin Conte ta tafi.

Kar kuma a ɗauka ina cewa abin ba ya cutarwa. Mutane suna son kawo Beljiyam, wai ta yi kwana 541 ba gwamnati bayan zaɓen 2010 kuma ba abin da ya faru, jirgin ƙasa na tafiya ana biyan albashi. Haka ne, amma saboda akwai gwamnatin riƙon ƙwarya ta Yves Leterme, ga gwamnatocin yankuna masu iko sosai, ga ma'aikatan gwamnati da suka san aikinsu. Kuma ko a can ɗin, sai da kamfanin auna bashi na S&P ya rage darajar ƙasar a Nuwamban 2011 sannan aka ga 'yan siyasa sun daidaita cikin gaggawa, abin da aka kasa a shekara ɗaya da rabi. Ƙasar da ba ta da irin wannan ginshiƙin ba za ta sha da daɗi ba. Iraƙi ta yi shekara guda cur bayan zaɓen Oktoban 2021 kafin a kafa gwamnati, a tsakani Muƙtada Sadr ya janye 'yan majalisarsa 73, har aka yi artabu da makamai a tsakiyar Bagadaza aka rasa rayuka.

Bulgeriya kuma ta nuna wata ɓarnar da ba ta da ƙara. Zaɓe bakwai daga Afrilun 2021 zuwa Oktoban 2024. A na Yunin 2024 kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya fito. To in mutanen kirki suka gaji suka zauna a gida, wa ya rage? Masu sayen ƙuri'a da masu tsattsauran ra'ayi, su ba sa gajiya. Kuma a mafi yawan wannan lokacin gwamnatocin riƙo ne ke mulki, waɗanda ba wanda ya zaɓe su. Kaga an yi ta zaɓe har an gaji amma ikon yana hannun waɗanda ba su tsaya takara ba.

Saura maganar sauya sheƙa, don ita ma wata hanyar rusawa ce mai arha. Maleshiya a Fabrairun 2020 'yan majalisa suka sauya layi gwamnatin Mahathir ta faɗi ba tare da zaɓe ba, aka yi firaministoci biyu a jere kafin zaɓen 2022, a 2022 ɗin suka yi dokar cewa in ka bar jam'iyyar da aka zaɓe ka a cikinta ka bar kujerar. Indiya ta riga su tun 1985. A nan ina da ɗan ja da baya. Dokar tana rage cinikin 'yan majalisa, amma tana mayar da su bayin shugaban jam'iyya, ba ka da ikon ƙin abin da aka umarce ka ko da ya saɓa wa mutanen mazaɓarka. Kuma 'yan siyasa sun gano hanyar zagayawa, maimakon ka sauya sheƙa sai ka yi murabus, adadin majalisa ya ragu gwamnati ta faɗi, ka sake tsayawa a sabuwar jam'iyya, haka aka yi a jihar Madhya Pradesh a 2020 da mutum 22 suka ajiye kujerunsu lokaci ɗaya. Ina goyon bayan dokar in an taƙaita ta ga ƙuri'ar amincewa da gwamnati da ta kasafin kuɗi, sauran a bar mutum da tunaninsa.

Nasan abin da za a ce min, ai masu zaɓe suna hukunta mai rusawa. Wani lokacin suna yi. A Jamus ƙaramar jam'iyyar FDP da ta yi sanadin watsewar gwamnatin Scholz a Nuwamban 2024 ta faɗo ƙasa da kashi 5 ta fita daga majalisa, Wilders da ya fice daga gwamnatin Holan a Yunin 2025 ya sauko daga kujeru 37 zuwa 26. Amma hukuncin yana zuwa ne bayan an riga an yi asarar watanni, kuma ba kullum yake zuwa ba. Za a kuma ce dokar "kawo magaji kafin ka tsige" tana iya barin gwamnatin da ta mutu a tsaye, ba ta da rinjayen yin doka kuma ba a iya kawar da ita. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne mafi ƙarfin abin da ake faɗa a kan ra'ayina. Amma gwamnatin da ba ta da rinjaye dole ta fita neman ƙuri'a doka bayan doka, yau da wannan gobe da wancan, kamar yadda Denmak ta daɗe tana yi, kuma ni ban ga aibun a tilasta wa masu mulki su roƙi 'yan adawa ba. Abin da nake gani dai shi ne ƙofofin biyu tare ake rufe su, ta tsigewa da ta rusa majalisa. Isra'ila ma ai tana da dokar kawo magaji, amma tunda ɗaya ƙofar a buɗe take kowa ta nan yake bi.

Abin da ke hana a yi gyaran ba wani sirri ba ne. Sauya dokar zaɓe yana da daɗi ga wanda ke kan mulki, don yana iya yanka ta daidai wuyansa, ya ƙara wa kansa kujeru ya rage wa abokin hamayya. Rufe ƙofar rusa gwamnati kuwa kowa yake ɗaurewa, har da shi kansa ranar da zai koma adawa, kuma ƙananan jam'iyyun da ake buƙatar ƙuri'arsu kafin a gyara tsarin mulki su ne wannan makamin ya fi yi wa amfani. Italiya ta sauya dokar zaɓenta a 1993, ta sake a 2005, ta sake a 2015, ta kuma sake a 2017. Shawarar a ɗauko irin dokar Jamus ta kawo magaji kafin tsigewa an sha kawo ta a can, har yau ba ta shiga tsarin mulkin ƙasar ba.